Allah Ya Gyara

"Duba mini, Furera. Har yanzu ja ne?"

Baba Ƙasimu ya miƙo wayarsa ta saman kaskon awara, sai da Furera ta ture hannunsa kada mai ya fallatso masa. Ta goge yatsu a zani ta karɓa. Tun bara idonsa ya yi yana, ita ce ke karanta masa waya, tunda ƙofofinsu na kallon juna a layin nan na Gyadi-Gyadi.

Ta buɗe gem ɗin nan na kai ƙorafin unguwa. Wata ƙungiyar ɗalibai ce ta kawo shi bayan zaɓe. Taswirar Tarauni ce kaf a cikin waya, layi-layi, kowa da ɗan mutum-mutuminsa yana yawo a ciki. In ka ga abin da ya lalace a unguwa, ka ɗauki hoto ka ɗora, sai jan ɗigo ya fito a wurin. Jajayen wuraren ƙungiyar ke kai wa hukuma, in an yi aikin ɗigon ya koma kore. Samari sun ɗauke shi wasa. Baba Ƙasimu kuwa, wanda tun da soja suka koma bariki bai taɓa fashin zaɓe ba, ya ce yau ga inda za a ga kukan talaka da ido. Har hula ya sa aka zaɓa wa mutum-mutuminsa, irin tasa.

Kukan nasa ɗaya ne: murfin kwalbatin da tifar yashi ta fasa a kan hanyarsa ta masallaci. Rami ne buɗe, da rodi a tsaye cikinsa.

"Baba," in ji Furera, "kore ne."

"Kore? Sun zo ke nan ban ji ba?"

Ya dogara sandarsa ya taka har bakin wurin, ya zura ta. Ta shige har rabi.

Furera ta kira Mubarak, ɗalibin da ke haya a gidansu, wanda yake cikin ƙungiyar. Ya fito yana hamma, ya latsa nan ya latsa can, sannan ya dafe goshi.

"Baba, kai ka ce mutane su yi rubutu a ƙarƙashin hoton?"

"Gida-gida na bi. Ba ku kuka ce sai da goyon bayan maƙwabta ba?"

"To duba abin da suka rubuta."

Furera ta karanto a hankali, don karatun nata bai yi nisa ba. Allah Ya gyara. Amin, Allah Ya gyara mana. Sannu Baba, Allah Ya gyara. Haka har ƙasa, daga mai shayi zuwa limamin layi.

"Na'ura ce, Baba," in ji Mubarak. "An saita ta in mutane da yawa suka rubuta 'an gyara', ta rufe ƙorafin. Ita kalmar 'gyara' kawai take nema."

Baba Ƙasimu ya yi wata dariya marar daɗi.

"Wato addu'a ce ta rufe mini baki. To me kuke so su rubuta, ɗan nan? Kada Allah Ya gyara?"

"Zan yi magana. Amma an riga an miƙa wa hukuma na wannan zagayen. Sai bayan damina."

"Ramin ma ka gaya masa sai bayan damina."

Bai haƙura ba. Ya sa Furera ta sake ɗaukar hoto, gem ɗin ya ce wannan wuri an kammala shi, har da tafi da taurari. Ya sake bin gidaje yana roƙon a goge addu'ar. Mai shayi ya ce shi ba zai goge sunan Allah don wayar yara ba. Ana cikin haka motar masu gyara ta bi ta layin da siminti da sababbin murafai, ta nufi unguwar Daurawa. Furera na kallo ya bi ta yana ɗaga sanda, ba ta ko rage gudu ba.

Furera ta ɗora wa ramin wani tsohon kwanon rufi, 'yan gwangwan suka ɗauke washegari.

Ran da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, layin ya zama kogi. An kira La'asar, ruwa ya ɗan tsagaita. Matar Baba Ƙasimu, Inna Husaina, ta ce ya yi salla a gida, ya ce ai ya haddace wurin, ya fita. Furera na tattara kayan suyarta ta ji ƙarar faɗuwarsa, ta ga hularsa na tafiya a kan ruwa ita kaɗai.

Ƙugu ya karye, rodi ya shiga cinya, ruwan kwata ya bi ciwon. Da ta je duba shi asibiti ta tarar ya rame, leɓɓansa sun bushe, Inna Husaina na masa fifita da murfin kwali.

"Furera ce?"

"Ni ce, Baba. Ya jiki?"

"Duba mini."

Ta riƙe wayar, ba ta ko kunna ba. "Ya koma ja, Baba."

"Ƙarya kike, 'yar nan." Ya lumshe ido. "Muryarki ba ta iya ba."

Bai kai Juma'a ba.

Daga soron gidansu Furera ta leƙa lokacin da aka fito da shi. Maza sun cika layin, Mubarak na cikin masu ɗaukar makara, kansa a sunkuye. Da suka zo daidai wurin sai na gaba ya ɗaga murya: "A kauce, akwai rami!" Makarar ta karkata, ta zagaya, ta miƙe. Wani dattijo daga baya ya leƙa ramin, ya girgiza kai.

"Allah Ya gyara," in ji shi.

Da yamma Inna Husaina ta miƙo mata wayar, ta ce ta kashe, ƙararta na damun masu gaisuwa. Furera ta zauna a dakali kusa da kaskonta da ba ta hura wa wuta ba. Gem ɗin na buɗe. Layinsu shar da kore, babu ko ɗigon ruwa. Ɗan mutum-mutumin nan mai hula ya fito daga ƙofarsa, ya taka kan kwalbatin, ya wuce masallaci.