Kwaɗo Ɗari Biyu a Ƙarƙashin Gida

Na dawo Brisbane daga Glasgow da shaidar ƙwarewa a adana tsofaffin takardu, da farar safar hannu, da fostocin 'yan fank, masu kiɗan tawaye, guda ɗari huɗu. Tun ina jami'a nake tara su: ministoci da kan alade, alƙalai cikin kamfai, janar-janar a kan fo. Guda ɗaya ce ta gagare ni, wadda ake kira Kwaɗon. Kuma mahaifina ne ya manna ta.

Duk unguwarmu an san labarin. A 1981 wani kansila mai suna Harbottle ya hana kiɗan fank a zauren unguwa. Noelene, ƙawar babana, ta zana shi a siffar kwaɗon rake sanye da kwat, ta buga ɗari biyu. Babana Clarrie, lokacin yana da zanko kore, ya ɗauki bokitin kunun fulawa ya manna su duka da asuba. 'Yan sanda suka biyo shi, ya tsallake katanga uku. Kafin hantsi kansila ya sa an kankare su kaf, shi ya sa ba wanda ya gansu. Bara da na ji labarin, katangun sun kai biyar.

Da ruwan bazara ya soma taruwa a ƙarƙashin gidanmu, wanda ke kan dogayen dirkoki, na shiga kwashe tarkace. A bayan mataccen injin wanki na sami wani naɗi cikin leda. Na buɗe, sai ga Kwaɗon. Na ɗaga shi, ga wani. Ɗari biyu cif, ko ɗaya bai taɓa ganin bango ba.

A wurinmu masu tarawa, fosta marar tabo zinariya ce. A wurin su Baba kuwa shaidar ragwanci ce, don tana nufin an ba wani aiki bai je ba.

Na kai masa ɗaya baranda. Ya daɗe yana kallonta.

"Mayar da ita, Farfesa," in ji shi, sunan da yake tsokanata da shi ke nan.

"Baba, katanga biyar fa?"

"Na fita. Na rantse na fita. Na kai kwanar titi, sai na hango mota da fitila tana tafiya a hankali."

"Ta 'yan sanda?"

"Ta mai madara. Amma kafin in gane, na riga na iso gida." Ya sosa sanƙonsa. "Shekara arba'in ban sayi giya da kuɗina ba saboda labarin nan. In su Noelene suka ji, ko kujera ba za su ba ni ba."

"Ni kuma shekara goma sha ɗaya ina neman ta."

"Ɗauki ɗaya, ki ce a Glasgow kika samu."

"Me ya kai Harbottle Glasgow?"

Na yi masa alkawarin rufa asiri. Amma na shimfiɗa ɗaya a kan gadona, na danne kusurwoyinta da littattafai don ta miƙe.

Ran Asabar tsofaffin abokansa suka zo gashin nama, kamar kowane ƙarshen wata. Baba yana juya sosej yana ba da labarin nan, ya kai katanga ta huɗu, sai Noelene ta fito daga cikin gida. Banɗaki ta je nema, ta buɗe ɗakina. Tana riƙe da Kwaɗon da hannu duk maiƙo.

"Goggo!" na ce. "Safar hannu!"

"Rufe mana baki, Tamsin. Ni na zana ta." Ta ɗaga fostar sama kowa ya gani. "Clarrie, ɗan banza, ina sauran?"

Sosej ɗaya ya faɗa wuta.

"Ƙarƙashin gida," in ji Baba.

"Na sani. Tun ranar na sani. Bokitin da ka dawo mini da shi a wanke yake fes. Wa ya taɓa wanke bokiti a cikinmu? Kai da ko wuyanka ba ka wankewa!"

Dariya ta ɓarke, har wani ya ƙware da giya. Baba bai yi dariya ba.

"Me ya hana ki tona ni?"

"Labarin ya fi fostar kyau. Dubi idon nan na hagu, ya karkace. Amma kwana uku na yi ina shaƙar tawada, kuma ban yi don injin wankinka ba. Gobe za ka ƙarasa aikinka."

"Harbottle ya mutu shekara ashirin ke nan."

"To ba zai kankare ba."

Na ce a bar mini goma, saboda tarihi. Noelene ta ce in ina son fosta in ɓamɓaro daga bango kamar kowa. Ta miƙa mini bokiti.

Lahadi da rana tsaka muka fita. Baba na dogara sanda yana shafa kunu, ni ina bin sa da bokiti, ina kallon zinariya tana yamutsewa a jikin bulo. Mun kai ta sittin sai ga motar 'yan sanda, ta gaske. Baba ya dubi katangar da ke gefe, ya dubi gwiwarsa. Sannan ya ɗauko wata fostar ya manna.

'Yar sandan da ta sauko ba ta kai shekaruna ba.

"Wane ne wannan?"

"Kansila," in ji Baba, ya miƙa mata hannuwa biyu.

"Na yanzu?"

"Marigayi."

Ta ce a cire su kafin Laraba. Sannan ta tambaya ko da saura, tana son ɗaya ta rataya a kicin.

"Ba za ki kama ni ba?"

"Kaka, nemi inuwa ka sha ruwa."

Ita ta tafi da mai tsabta. Tawa ran Talata na ɓamɓaro ta, a yage, da ƙuda manne a goshin kansila. Na sa mata lamba ɗari huɗu da ɗaya.

Ƙarshen wata Baba ya ba da sabon labari, da motar 'yan sanda a ciki. Noelene ta yarje masa katanga ɗaya.