Wasiƙun da Santambul Ta Maido

Nazirou magini ne, mutumin Tawa, shekararsa bakwai a Sabha, can ƙasar Larabawa. A unguwar Manshiya yake haya, amma a wancan makon aiki ya kai shi ƙauyen Zighan, gonar dabinon Haj Zuhair, inda aka ce ya rushe wani tsohon ɗakin ƙasa ya tayar da na bulo.

Haj Zuhair ya daɗe yana safarar kaya zuwa Agadas, a can ya tsinci Hausa. Ba ka zama da shi ka tashi ba ka ji cewa kakansa Baturke ne ba, sojan Sarkin Santambul da aka turo garin Murzuk. A 'yan watannin nan ma takardu yake ta haɗawa, wai Turkiyya ta shaida shi jininta ne.

Abin da ya fara damun Nazirou shi ne Haj ya hana shi zuwa da kowa. Aikin mutum uku, ya ce shi kaɗai zai yi. Kuma ranar farko wuni ya yi a kan kujera yana kallon kowane sara.

Ranar Talata da hantsi, Haj ya tafi duba injin ban ruwa, sai diga ta bugi ƙarfe a cikin bango. Gwangwani ne mai tsatsa. Nazirou ya ɓalle murfin, ya tarar da wasiƙu uku. Rubutun ciki ba Larabci ba ne, ba kuma bokon da ya sani ba. A bayan kowace an rubuta Kustantiniyya da baƙaƙen Larabci, an soke da jan layi.

Ya so ya mayar ya liƙe. Baƙo da takardun mutane a hannu, ya san yadda ake ƙarewa. Amma in da gangan Haj ya ba shi wuri don ya gwada shi fa? Ya ɗauka ya kai masa.

Haj ya duba, fuskarsa ta sauya.

“Wa ya ba ka wannan?”

“A bango na same shi, ya Haj.”

“Hudaifa ya zo nan?”

Hudaifa ɗan baffan Haj ne, wanda ke masa dariya a gaban jama'a kan zancen Turkanci. Nazirou ya ce bai taɓa ko gaisawa da shi ba. Haj ya karɓi wayarsa, ya bi hotuna ɗaya bayan ɗaya, har na matarsa Chamsia da ke gida. Ya sa ya zazzage aljihu. Nazirou ya zazzage.

“Zo ka maimaita a gaban gwaggona.”

Hajja Fatma ta haura tamanin, tana zaune a inuwa tana tsince dabino. Ba ta ko saurari Nazirou ba. Ta kai takardar kusa da ido, ta daɗe, sannan ta yi magana da Larabci a hankali, yadda har shi ma ya gane.

“Hannun babana ne. Girkanci ne wannan.”

“Gwaggo, Kaka Baturke ne.”

“Musulmi ne ɗan tsibirin Kirit. Da Girkanci uwarsa ta yi masa waƙar reno. Can Girkawa suka kore su, wai Turkawa ne. Da suka isa Santambul, 'yan birni suka ji bakinsu suka ce ga Girkawa. Shi ya sa ya shiga soja, aka jefo shi nan. Ƙanensa ya zauna can.”

Haj ya nuna jan layin. “Wannan fa? Wa ya soke?”

Ta ce a zamanin sarakunan, Kustantiniyya ake kiran Santambul har a takardun fada, sunan wani sarkin Rumawa da ya gina birnin. Da sarauta ta faɗi, sababbin masu mulki suka ce ba sa son sunan da ke tuna wa duniya Girkawa, duk wasiƙar da ba a rubuta Istanbul ba a mayar wa mai ita.

“Sau uku yana aika wa ƙanensa wasiƙa, sau uku tana dawowa. Aka ce ya canja sunan, ya ƙi. Yakan ce Istanbul ɗin ma daga yarensu aka ɗauko, ‘zuwa birni’ kawai take nufi. Har ya rasu bai sake jin ɗuriyar ƙanensa ba.”

“Me ya hana ki faɗa mini?”

“Ka taɓa tambaya? Ubanka dai ya sani. Ka ce shi bai taɓa ce maka akwai abu a bangon nan ba?”

Haj ya karɓi wasiƙun ya mayar cikin gwangwanin. Ya waiwayo ya dubi Nazirou kamar yanzu ya tuna yana tsaye a wurin. Ya ce aiki ya tsaya, ya kulle gwangwanin a mota, ya ɗauki Nazirou zuwa Sabha. Da suka wuce garin Tamanhint, Haj ya dube shi ya ce:

“Kana jin Larabci sosai ashe.”

“Na aiki kawai, ya Haj.”

“Me tsohuwa ta ce?”

“Ban bi ba. Tana magana ƙasa-ƙasa.”

Haj ya dube shi, ya san ƙarya ce, shi ma Nazirou ya san ya sani.

Bayan kwana goma Hudaifa ya zo har Manshiya, da lemo a leda da fara'ar da ta yi yawa. Ya ce ya ji an tono wani abu a Zighan. Nazirou ya kasa gane ko don kansa ya zo, ko Haj ne ya turo shi ya gwada bakinsa. Ya ce ƙasa ya gani da gara. Hudaifa ya yi murmushi, ya ce zai dawo.

Nazirou bai jira ba. Ya bi wani ɗan garinsu aikin gini a wata unguwa, ya sauya lambar waya. Daga baya ya ji Haj Zuhair ya hau jirgi zuwa Turkiyya. Wasu suka ce asibiti, wasu suka ce wani kabari ya tafi nema. Ɗakin na Zighan kuwa, wani magini aka kira ya ƙarasa.