Benen Abu Rakan

"Ni fa na biya," in ji Abu Rakan. Yana tsaye a ƙofarsa da silifa, masu shafen siminti 'yan Masar sun cika matakala. "Na ba Nayif kuɗinku cif. Ku je ku nemo shi."

"A ina, Alhaji?" in ji Shahata, babbansu. "Mu bangonka muka shafe, ba na Nayif ba."

Ta tagar kicin nake jin su, don gidanmu na kallon nasa a nan garin Zarƙa. Abu Rakan ƙaramin magini ne, sai ya gama bene ɗaya yake taɓa wani. Nayif kuwa ɗan kwangilar da ya kawo masa ma'aikata ne. Ya karɓi ladansu, ya kashe waya, ya bar ƙasar.

Kotu ta ce in ɗan kwangila ya cinye, wanda ya ɗauko shi ne zai biya. Abu Rakan ya sayar da motarsa da zinaren matarsa, ya haɗa da kuɗin ƙarfen ginin, ya sake biya. Shahata ya tura wa 'ya'yansa rabonsa. Ban ga laifinsa ba, guminsa ne. Sai dai benen ya tsaya a hawa na uku, kuma ɗana Gais ya riga ya zuba tarin aurensa wajen sayen ɗaya daga cikin gidajen da ke benen. Sauran ƙananan maginan unguwa suka tsorata, suka janye hannu, haya ta yi sama.

Da sanyi ya shigo, ɓarin jikin Abu Rakan ya shanye. Na kai masa miyar adas, wani ɗan ƙaramin wake, na tarar an jingina shi da filo kusa da hita.

"Umm Gais," ya ce, bakinsa a karkace, "gaya wa yaron, kafin bazara zai tare."

"Sha miyarka tukuna, Abu Rakan."

"Ba ki yarda ba."

Na gyara masa bargo.

Ranar Alhamis ya cika. Babu kuɗin kama zauren zaman makoki, sai aka jera kujerun roba a ƙasan benen, iska na shigowa ta ramukan taga. Waɗanda suka biya kuɗin gidaje a benen suka sha gahawa mai ɗaci, suna jan ɗansa Rakan gefe ɗaya bayan ɗaya, suna tambayarsa a hankali wa zai ƙarasa. Nayif bai ko bugo waya ba.

An sake ɗaga bikin Gais. Firjin amarya na falona cikin kwalinsa. Na shimfiɗa masa mayafi don ƙura.