Akwatin Harbin Amatullahi

Amatullahi tela ce a Limawa. Matan layinsu sun san ta da ɗinkin rigar da ba ta matse hammata, sun kuma san ta da kiwon kaji. Mijinta Misbahu akawu ne a sakatariya. Tare suka taso daga Garki shekarar da aka ƙirƙiro jiha, lokacin da samun ɗakin haya a Dutse ya fi samun aiki wuya. Gidan da suka samu yana gindin duwatsu, nan kuwa matattarar shirwa ce. Kaza ta ƙyanƙyashe goma sha biyu, kafin sati uku sai a ga saura huɗu.

Da mahaifinta Baffa Sale ya rasu, cikin kayan da ya bari akwai bindigar iska, irin wadda ake karyawa a tsakiya a sa mata ƙwayar dalma ɗaya. Tsohon ma'aikacin gandun daji ne, shi ya koya wa Amatullahi riƙe ta tun tana yarinya. Yayyenta maza suka shagala da rabon shanu, babu wanda ya waiwayi bindigar. Ita ta naɗe ta a tabarma, da takardarta da gwangwanin dalma biyu, ta hau mota da su.

Hannunta ya daɗe bai taɓa kunama ba, saboda haka ta ce bari ta fara gwaji. Ta jingina murfin gwangwanin madara a kan wani falalen dutse da ke tsakar gidan, ta ja da baya, ta saita, ta harba. Dalmar ta bugi dutsen ta yi tsalle, ta haye katanga, ta daki kwanon rufin maƙwabta, ta gangaro cikin faifan da Laraba, matar Malam Yahuza, ke bakacen gero. Babu wanda ya ji ciwo. Amma Amatullahi ta yafa mayafi ta shiga gidan da ƙafarta, ta durƙusa ta ba su haƙuri, don ta san laifinta ne. A gaban Malam Yahuza ta yi alkawari ba za ta ƙara harbi ba sai ta sami abin da zai riƙa haɗiye dalmar.

Ta fara da kwalin sabulu cike da yashi. Harbi biyar ya huje, yashin ya tsiyaye. Ta gwada tsohuwar tayar mota, dalmar ta dawo ta same ta a ƙwauri, ta kwana uku tana ɗingishi, Misbahu yana cewa don Allah ta haƙura ta sayi kwandon kife tsaki kamar kowa. Ba ta haƙura ba. Ta janyo tsohon akwatin ƙarfen mahaifiyarta daga ƙarƙashin gado ta kai wa Mika'ilu mai walda. Ta sa ya yanke gabansa, ya liƙa wani kakkauran ƙarfen garma a ciki, a karkace, yadda duk abin da ya buge shi ƙasa zai nufa. Ta zuba yashi a gindin. A bakin kuma ta rataya labule na ƙyallayen ɗinki, ninki bakwai, atamfa kan shadda kan yadin makaranta, don kada ɓarɓashi ya dawo. Bayan akwatin ta jera buhunan yashi huɗu.

Wannan ya yi. In ta harba goma, sai ta ɗauko rariya ta tankaɗe yashin, ta tsince dalma goma, kowace ta baje kamar ƙwayar wake da aka taka. Ba ta barin ko ɗaya, don kada kaji su haɗiye. Cikin wata biyu ta kayar da shirwa biyu, sauran suka koma yin shawagi can sama. Amma ita ba ta daina ba. Kullum bayan la'asar, in ta rufe keken ɗinki, sai ta yi harbinta goma. A nan ne kaɗai babu mai kiranta ta rage wuyan riga ko ta ƙara tsawon hannu.

Haka aka shekara bakwai.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, Amatullahi na cikin waɗanda suka yi murna. Ta ɗinka hijabi har ƙafarta ta kumbura a kan keke. A unguwarsu wasu dattawa suka kafa kwamitin gyaran tarbiyya, aka ba Malam Yahuza sakatare. Wata Asabar da hantsi, ana yayyafi, sai ga sallama a zaure: mai unguwa Gwadabe ne, da Malam Yahuza, da mutum biyu na kwamiti. Misbahu ya fita, ya jima, ya dawo fuskarsa a sake.

"Maman Hassana, sun zo ne a kan bindiga. Ki miƙa musu kawai a wuce wurin."

"Baban Hassana, ka ce su shigo."

Ta sa hijabinta, ta shimfiɗa musu tabarma a rumfa, ta durƙusa ta gaida mai unguwa. Shi ne ya fara magana, a hankali, yana kallon kajin da ke kiwo. Ya ce an kawo ƙorafi cewa mace na harbi a cikin gida, lokaci kuma ya canja.

"Ranka ya daɗe, na ji," in ji ta. "Ina so a gaya mini inda aka hana. In an hana, yau zan karya ta da hannuna."

Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin, wani malamin Islamiyya mai ƙaramar murya, ya ce shi dai gaskiya bai san wurin da aka hana ba. Malam Yahuza ya dube shi, sannan ya juya maganar. Ya ce batun cutar da maƙwabci ne. Ya ce iyalinsa ba su da kwanciyar hankali, harsashi ya taɓa faɗowa a gidansa.

"Sau ɗaya, Malam, shekara bakwai ke nan, na kuma je na durƙusa. Tun daga ranar, an ƙara?"

"Wa ya sani? Abu ne ƙarami, ba lallai a gani ba."

Amatullahi ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta kinkimo kan keken ɗinkinta, wanda da shi take ci da kanta, ta janye buhunan yashi, ta ajiye kan keken daidai bayan akwatin. Ta ɗebo dalma goma ta zuba a tafin mai unguwa ta ce ya ƙirga. Sannan ta riƙa karɓa ɗaya bayan ɗaya. Ta karya bindiga, ta ɗura, ta rufe, ta ɗora a kafaɗa ta saman hijabi. Murfin gwangwanin da ke rataye gaban labulen ya yi ta rawa. Sau tara ta same shi, na goma ya kauce da faɗin yatsa, ta ji haushin wannan fiye da zuwansu. Ta miƙa wa Malam Yahuza rariya.

"Bismillah, Malam. Kai za ka tankaɗe."

Bai so ba, amma idon mai unguwa na kansa. Ya tsuguna ya tattare hannun riga ya tankaɗe. Dalma goma suka fito. Aka duba keken, ko ƙwarzane babu.

Mai unguwa ya yi gyaran murya. Mutum ne da ba ya son a tashi daga zama wani ya ji an kayar da shi. Ya ce lallai aikin ya yi kyau, kuma bindiga gadonta ce, da takardarta, ba za a taɓa ta ba. Sai dai don a zauna lafiya, za a tafi da akwatin gidansa a ajiye, kwamiti ya ƙara nazari. Kowa a wurin ya gane dabarar. Ita da bakinta ta yi alkawarin ba za ta yi harbi babu abin tarewa ba, an kuma san ba ta saɓa magana.

Amatullahi ta dafa shi. Akwatin mahaifiyarta ne. Ta dubi Misbahu, ya sunkuyar da kai.

"Ku ɗauka, ranka ya daɗe," ta ce. "Amma a kula da shi, na Dada ne, mahaifiyata. Ina kuma shaida muku tun yanzu, don kada a ce na yi a ɓoye: wani zan haɗa."

Mutum uku suka ciccibi akwatin da yashinsa, suna nishi, Malam Yahuza ya ɓata gaban rigarsa da tsatsa.

Ko azahar ba a yi ba ta mirgino duron da suke tarar ruwan sama, ta tuntsurar da ruwan a kwata. Ta auna rabinsa da tef ɗin ɗinki, ta zana layi da alli. Misbahu na tsaye a ƙofar ɗaki.

"Yanzu da me za mu tari ruwa?"

"Da rabin da ya rage."

"Za su dawo fa."

"Su dawo. In sun ɗauki wannan ma, akwai tsohuwar tukunyar biki a ɗakin girki."

Can sai ya shiga ɗaki ya cire rigar fita, ya fito da singileti, ya turo babur ɗinsa. Tare suka ɗaure duron a baya da igiyar guga. Ta bi shi har zaure tana nanata masa saƙon Mika'ilu: ƙarfen ya zama mai kauri, a karkace shi sosai ya fi na da, kada kuma a bar baki mai kaifi.

Da ya tafi ta mayar da kan keken mazauninsa, ta zazzage buhun ƙyallaye a tsakar ɗaki ta hau zaɓe. Ninki tara ta yi wannan karon. Tana cikin ɗinki Laraba ta leƙo ta kan katanga, ta tambaya a hankali ko rigar sallarta ta yi.

"Sai jibi," in ji Amatullahi, ba ta ɗaga ƙafa daga keke ba. "Yau ina da aiki."