Yistin Gwangwani a Tukunyar Goggo Yalwa

Azumin shekarar 1385 ta Hijira ya faɗo a cikin sanyi. A lokacin ina da wata huɗu da karɓar difloma a fannin duba tsabtar abinci, ina jiran a kira ni aiki. Ina zaune a unguwar Misfala da ke Makka tare da Goggo Yalwa, ƙanwar mahaifina, wadda ta zo aikin Hajji shekara ashirin da suka wuce ba ta koma ba, ba ta kuma taɓa mallakar takardar zama ba. Ni a Makka aka haife ni, takarduna cikakku ne. Ita kuwa abin da ya bar ta a garin shi ne babu wanda ya taɓa kai ƙararta.

Sana'arta subiya, abin shan nan da ake yi da jiƙaƙƙen sha'ir da busasshen burodi, a bari ya ɗan yi tsami kafin a tace. Da zafi kwana ɗaya ya isa. Da sanyin nan kuwa sai jiƙon ya kwana uku bai motsa ba, har masu saye suka fara karkata wajen Zali, maƙwabcinmu mai irin wannan sana'a.

Na zauna na yi nazarin abin da zai tayar da jiƙon da wuri, kamar yadda aka koya mini. Goggo ba ta wanke gindin tukunyarta, ragowar jiya ke tayar da na yau. Akwai kuma kwantan ƙullu na masu gasa burodi, sai yistin gwangwani da ya soma shigowa kantuna. Na zaɓi na gwangwani, domin shi kaɗai ne aka rubuta awonsa a jikinsa, ni kuma na fi natsuwa da abin da aka rubuta.

"Goggo, cokali biyu kawai," na ce. "Kafin la'asar ɗin gobe ya tashi."

"Malam Difloma," ta ce, "tukunyar nan ta girme ka. Mayar wa masu kanti da garin yistinsu."

Da ta shiga sallar azahar na zuba, na matsar da tukunyar kusa da murhu, na rufe ta da buhu. Abin da ban lura da shi ba, awon na ƙullun burodi ne, wanda wuta ke tsayar da shi. Subiya kuwa ba ta ganin wuta.

Da hantsin kwana na biyu warin ya fita har lungu. Goggo ta ɗage buhun, kumfa ya gangaro. Ta tsoma yatsa ta taɓa a harshe, ta tofar saboda azumi, sannan ta dube ni. Kafin ta yi magana sai ga Zali a bakin ƙofa, mutane biyar ko shida a bayansa.

"Hajiya Yalwa, wannan ba warin subiya ba ne," in ji shi. "Giya a watan azumi, ga Harami ana hange? Wallahi wajen umda za ni."

Umda shi ne mai unguwa, kuma na san tambayarsa ta farko ita ce takardar zama. Daga nan sai jirgin ruwa a Jidda, a mayar da Goggo gida. Na kuma san wanda aka rubuta sunansa a kan abu mai sa maye ba zai taɓa duba abincin kowa ba.

Goggo ba ta jira ni ba. Ta jawo tukunyar har tsakiyar lungu, ta ɗauki taɓarya ta fasa ta.

"Ga ta nan, Zali. Wa na sayar wa? Shekara ashirin ina shayar da unguwar nan, har da matarka da ta yi goyo. In ka ƙosa ka gaji masu sayena, ka fara gyara taka subiyar, ta daina ɗanɗanon ruwan wanki."

Wani ya yi dariya. Zali ya juya zai tafi wajen umda, sai na ji muryata ta fita.

"Baba Zali, dakata. Ni na zuba yisti, ba da saninta ba, bayan ta hana ni. Ga gwangwanin."

Zali ya ce, "Kai yaro, rufa wa kanka asiri. Ba aiki kake jira ba?"

"Shi nake jira. Mu je tare, ni zan yi bayani."

"Mukhtaru, koma ciki!" in ji Goggo.

Ban koma ba. Na shige gaba da gwangwanin a hannu, Zali na biye yana jan ƙafa. A gaban umda na faɗi ranar da na zuba da yawan abin da na zuba, ban bar gurbin da za a sa sunan wani ba. Duk lokacin da Zali ya ce "ita Hajiyar," sai in ce, "Ranka ya daɗe, ni ne." Sau huɗu muka yi haka, har umda ya gaji ya ce halas, ya isa haka. Ya rubuta sunana da na mahaifina, ya ce maganar za ta je inda ya kamata.

Da na dawo na tarar da Goggo tana share ɓaraguzan tukunya.

"An tambaye ni?" ta ce.

"Ba a tambaya ba."

Ta dakatar da sharar. Sannan ta miƙo mini tsintsiyar, ta yafa mayafi, ta ce za ta kasuwa neman sabuwar tukunya, kuma ta ƙofar Zali za ta bi, don ya gan ta da idonsa.