Kwanon Wanke Fuskar Odile

Fernand ya durƙusa a gefen motar, ya murɗe bakin tankin ruwan wanke-wanke, ruwa ya tsiyaye cikin bokiti. Karo na uku ke nan tun safe. Ruwan ya fito garau, har ana ganin gindin bokitin. Ya miƙe da ƙyar, ya zura kai cikin motar ya shaƙa. Warin na nan daram, kamar na ruɓaɓɓen ƙwai.

Shekararsa saba'in da huɗu. Hunturu goma sha ɗaya ke nan yana zuwa wannan fili na bakin teku a Sidi Ifni, inda tsofaffin Faransa ke jera motocinsu masu ɗaki don guje wa sanyin gida. Goma ya yi su tare da matarsa Odile. Wannan ne na farko da ya zo shi kaɗai, bayan rasuwarta.

'Yarsa Coralie za ta iso da la'asar. Ba ta ɓoye masa ba a waya, ta ce za ta zo ta gani da idonta. In ta tarar ba ya iya kula da kansa, tare za su koma gida Rennes, a sayar da motar. Yaran yanzu haka suke, da ƙurar kan tebur suke auna lafiyar ubansu.

"Bature, kifi nawa ka binne a motar nan? Maƙwabtanka duk sun kwashe kujerunsu sun koma bayan bishiya."

Mbarek ne, mai gyaran famfo da bututun motocin filin. Sa'an Fernand ne, kuma shekara goma suna tsokanar juna. Ya jingine kekensa ya sauke akwatin kayan aiki.

"Kai dai zo ka duba, sarkin surutu. Yau ba ranar wasa ba ce."

"Me ka zuba wa tankin?"

"Ruwan zafi da garin soda. Na bi da ruwan khal. Lemon tsami ma sai da na matse guda shida."

"Saura gishiri da albasa, sai mu kawo burodi." Mbarek ya cire takalmi ya shiga. Ya ciro 'yar rariyar da ke bakin magudanar kicin ya ɗaga ta a haske. Tas take. "Kana zuba maiƙo a nan?"

"Ni? Faranti ba ya ganin ruwa sai na share shi da takarda. Ruwan dafa kifi ma waje nake kai shi. Haka Odile ta koya mini."

Mbarek ya mayar da rariyar. Ya bi warin da hanci, taku biyu, ya tsaya a gaban 'yar ƙofar banɗaki. Yana kai hannu, Fernand ya riga shi, ya tare ƙofar da jikinsa.

"Ba a shiga nan."

"Tun yaushe?"

Fernand ya dubi ƙasa. "Wata tara."

"To a ina kake wanka?"

"A banɗakin fili, kamar kowa."

Mbarek ya zauna a bakin gado ya cire hularsa, ya shafa kai. Da ya sake magana, tsokanar ta fita daga muryarsa.

"Abokina, tankinka ba shi da laifi. Ko ka wanke shi sau ɗari, ba za a rasa ɗan wari a cikinsa ba, gidan ruwan datti ne. Abin da ke hana warin hawowa shi ne 'yar gwiwar nan da bututu yake yi a ƙarƙashin kowane kwano. Ruwa kaɗan ke kwanciya a cikinta ya toshe hanya. In an daɗe ba a buɗe famfo ba, sai ruwan ya ƙafe, hanya ta buɗe. Naka ya ƙafe tuntuni."

"Ka toshe ta daga ƙasa."

"Zan iya. Amma 'yarka za ta nemi inda za ta wanke fuska. Me za ka ce mata?"

Daga waje ana jin ƙarar teku da muryar mai tallar burodi. Fernand ya daɗe yana riƙe da hannun ƙofar, sannan ya tura ta.

Ɗakin bai fi tsayuwar mutum ɗaya ba. Tawul ɗin Odile shuɗi na rataye inda ta bar shi. Buroshin haƙorinta na cikin kofi. Ga sabulunta mai ƙamshin fure a gefen kwanon, ya bushe ya tsattsage, amma gurbin babban yatsanta na nan a jikinsa. A cikin kwanon kuma ga silin gashi guda ɗaya, fari, dogo, ya lanƙwashe kusa da bakin magudanar.

"Ranar da za mu tafi asibiti ta taje kanta a nan," in ji Fernand. "Ta ce kada likita ya ga kamar ba ta da mai kula da ita. In na buɗe famfon, ruwa zai tafi da shi."

Mbarek ya miƙe ya sa hularsa. "Zan je in dafa mana shayi. Kofi ɗaya na ruwa ya isa, a kwanon da kuma wurin wankan. Amma kullum, ka ji ko? Ba yau kaɗai ba."

Da ya fita, Fernand ya ɗauko gidan tabaron Odile daga aljihun tebur. Ya jiƙa ɗan yatsa a leɓe, ya ɗago gashin a hankali, ya kwantar da shi a ciki ya rufe. Sannan ya murɗa famfon. Famfon ya yi tari sau biyu kafin ruwa ya zo. Ya zuba kofi guda a magudanar wanka. Ya tsaya yana kallon sabulun. Can dai ya ɗauka, ya murza shi a tafin hannu har ya yi kumfa, ya wanke fuskarsa. Ya daɗe yana wankewa, fiye da yadda fuska take buƙata.

Ya buɗe tagogi duka. Kafin su gama shan shayin shi da Mbarek, iskar teku ta share motar.

Tasi ta sauke Coralie da la'asar sakaliya. Ta rungume shi, ta ja baya ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, irin kallon da uwarta ke yi wa kifi a kasuwa.

"Baba, ka rame."

"Ke kuma kin ƙara baki. Shigo."

Ta shiga tana dube-dube. Ta shafa tebur, ta buɗe firji, ta leƙa kwandon shara. A ƙofar banɗaki ta tsaya cak, ta shaƙa, ta sake shaƙa.

"Sabulun Mama ne wannan."

"Shi ne."

"Kai kake amfani da shi?"

"Yau na fara. Kwanon nan yana son ruwa kullum, in ba haka ba sai ya yi wari. Mbarek ya ce kofi ɗaya ya isa."

Ta juya masa baya, ta daɗe tana taɓa tawul ɗin shuɗi. Jakarta na kan gado a buɗe, kuma daga inda yake tsaye yana hango takardun jirgi guda biyu sun leƙo daga aljihunta. Ta zo ta tura su can ciki, ta ja zif. Ta ciro buroshin haƙorinta ta kai shi cikin kofin, kusa da na uwarta.

"Wa zai riƙa zuba masa ruwa in ka tafi?" ta ce, ba tare da ta dube shi ba. "Ni mako guda kawai zan yi. Bayan nan aikinka ne."

"Aikina ne," in ji Fernand, ya fita ya kira Mbarek ya kawo shayi, ya ƙaro kofi na uku.