Ƙwan Gulam Sakhi Ya Yi Tauri

Duk layinmu a Kabul an san Gulam Sakhi da ƙwansa. Nimband yake ci, wato farin ya kama, gwaiduwar na malala, ya dangwala da gurasa mai zafi. Ba shi mai tauri ka sha masifa.

Matarsa Shirin Gul ba ta san agogo ba. In ya sayo gurasa da safe ya sha kwanar masallaci, sai ya saki tarin nan nasa mai kama da kukan jaki. Tana ji ta jefa ƙwan a tafasasshen ruwa, yana cire takalmi ta tsame. Tun tana amarya haka suke.

To bana ƙwai ya fara tauri.

"Uwar Jawed, ƙwai ne wannan ko tsakuwar jifan Shaiɗan?"

"Kazar ce ta tsufa, kamar mai ita."

Ta sake tukunya, ta rage wuta, tauri dai. Rannan ta jefa ƙwan ta leƙa ta kafar ƙofa. Ga mutumin can jingine da katangar maƙwabciyarsu Nafas Gul, gurasa a hammata, hannu dafe da ƙirji, yana jiran numfashi ya dawo. Ya daɗe. Sannan ya gyara rawani ya taho a miƙe, wai shi saurayi.

Ta san hali. Tunda ƙaninsa ya shiga asibiti bai fito ba, ko sunan likita ba a ambata a gidan. Sai ta koma jefa ƙwan in ta ji ya taɓa ƙofa. Ƙwai ya dawo daidai.

"Ashe kin tuna sana'arki," in ji shi, yana lasar yatsa. Ita kuwa zancen ƙirjin nan nasa ya hana ta sakat.

Da abin ya ishe ta, rannan yana tari ta jefa kamar da, ta zauna tana jira. Da ya fasa ƙwan, gwaiduwar har ta yi kore.

"Yaushe kika sa wannan?"

"Da ka yi tari, Baban Jawed. Kamar kullum."

Ya daɗe yana kallon ƙwan, bai yi faɗa ba. Ya barbaɗa gishiri ya cinye.

"Kira Jawed ya zo da mota. Amma kada Nafas Gul ta ji."

Kafin azahar duk layi ya ji. Har yau ba a sallamo shi daga asibiti ba, ƙwai sai taruwa yake a kwano.